Koci ba ya shiga fili: Darasin ƙwallon kwando ga iyayen matasa a Tasawa da Mayahi

Da zarar an gama girbin gero, an ɗaure dammuna an kai rumbu, akwai wata tambaya da kan hana iyaye da dama barci a garuruwa da ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayahi da ke Jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Tambayar kuwa ita ce: wannan yaron da ya fara zarce uwarsa tsawo, muryarsa ta buɗe, ya daina zaman gida, me zai yi daga yanzu har zuwa faɗuwar ruwa? Damina a wannan yanki ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, abin da ya rage na shekara duk rani ne, kuma kowa ya san zaman banza ba ya haifar wa matashi ɗa mai ido.

Ba ƙaramar magana ba ce idan aka dubi yawan waɗanda abin ya shafa. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa kowace ɗaya daga cikin gundumomin biyu tana da mutane fiye da rabin miliyan, sannan a Nijar baki ɗaya kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 da haihuwa ba. Ke nan daga Korgom zuwa Urafan, daga Maijirgi zuwa Kanambakashe, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da ɗan shekara 13 zuwa 19 ba. Wani yana lakwal, wani yana makarantar allo, wani ya kama kabu-kabu, wani kuma ya tare a fada ana dafa shayi tun hantsi har dare ya raba. Da yawa jaka suke ɗauka su tafi cirani Katsina ko Kano ko Legas, ko su nausa arewa ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Tun da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014 sai aka ƙara samun wata ƙofar fita. Haka kuma jama'ar jihar ba su manta da watan Nuwamban 2021 ba, lokacin da rami ya rufta da masu haƙar zinariya a yankin Ɗan Isa, mutum aƙalla 18 suka riga mu gidan gaskiya.

Mu da Allah Ya haɗa mana ɗawainiya uku, wato horar da yara ƙwallon kwando da yamma, da renon matasa a cikin gida, da kuma wannan sana'a ta alƙalami, mun daɗe da lura cewa ukun nan aiki ɗaya ne aka sauya masa riga. A kowannensu kai ne za ka sha wahalar shiri, amma ranar da za a yi ta, ba kai ne a cikin fili ba. Wannan shi ne abin da muke son mu tattauna da mai karatu a yau.

Wasan da aka ƙirƙira domin kangararru

Ko shakka babu, wasan ƙwallon kwando bai kama ƙafar kokawa ko ƙwallon ƙafa ba wajen farin jini a ƙasar Tasawa da Mayahi. Inda aka fi ganinsa shi ne harabar makarantun sakandare a lokacin darasin motsa jiki. Sai dai tarihinsa yana da ban sha'awa ga duk mai ɗa matashi. A watan Disambar 1891 ne wani malamin motsa jiki ɗan asalin ƙasar Kanada mai suna James Naismith ya ƙirƙiro shi a garin Springfield na Amurka. Dalili kuwa, an danƙa masa wani aji na samari 18 da suka gagari malamai biyu kafin shi, ga hunturu ya kankama, sanyi ya hana fita waje, zaman ɗaki ya ishe su. Sai ya samo kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace ya kafa su a sama, ya rubuta dokoki 13 ya manna, ya miƙa musu ƙwallo.

Akwai dabaru biyu da malamin ya yi waɗanda har yau su ne ƙashin bayan wasan. Da farko ya hana gudu da ƙwallo a hannu, don kada mai ƙarfi ya rungume ta ya riƙa bangaje mutane. Na biyu kuma ya ɗaga ragar sama da kan kowa, tsawon da a yau ake auna shi mita 3.05, ta yadda ƙarfin tuwo ba zai zura ƙwallo ba sai saiti da natsuwa. Saboda haka dole ƙato ya nemi ɗan tsurut ya miƙa masa, dole mai gaggawa ya koyi tsayawa. Naismith bai tara samarin nan ya yi musu wa'azin haƙuri ba, iyaka kawai ya shata musu, ya bar su suka gano haƙurin da kansu a cikinta. Hunturun Amurka ne ya haifi wasan, amma ranin Mayahi ma ya san wannan ciwo na matashin da lokaci ya yi masa yawa, aiki ya yi masa kaɗan.

Layin da ba a ƙetarewa

Filin wasan tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, 'yan wasa biyar-biyar, ana fafatawa na minti 40 da aka raba gida huɗu. A gefen fili akwai wurin da aka keɓe wa koci. Idan ya kuskura ya shiga ciki ba da izinin alƙalin wasa ba, za a rubuta masa laifi, a kuma ba abokan hamayya damar jifa kyauta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wannan wuri ya san babu abin da ya fi shi cin rai. Kana kallon yaronka zai jefa ƙwallo inda bai kamata ba, ka hango kuskuren tun kafin ya auku, amma ba ka da ikon karɓe ta daga hannunsa.

Mutanen ƙasar Maraɗi ba baƙin wannan magana ba ne, domin sun san ta a fagen kokawa. Tun daga shekarar 1975 da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, wanda kuma sunansa filin kokawar birnin Maraɗi yake ɗauke da shi, ba a taɓa ganin ɗan kokawar da ya shiga da'ira da ubangidansa ba. Yana da mai horar da shi, yana da makaɗi, yana da malamai masu yi masa addu'a, ga dubban magoya baya, amma da alƙali ya busa usur, daga shi sai abokin karawarsa.

To, a nan ne da yawa daga cikin iyaye ke samun matsala. Uba yana son ya buga wa ɗansa wasan da kansa. Shi zai zaɓa masa abokai, shi zai zaɓa masa sana'a, idan an tambayi yaron a gaban manya shi zai amsa, idan ya ci bashi a shago ya bi ta bayan fage ya biya ba tare da yaron ya ji a jikinsa ba. Ana nan sai ranar da yaron zai sauka a tashar mota a Agadas ko a Kano, inda babu uba babu kawu, wani ya tare shi da daɗin baki ko da ƙwayar tiramol a tafin hannu. Yaron da bai taɓa yanke shawara a gaban ubansa ba, zai fara yanke ta ne a inda babu mai gyara masa.

Masana ƙwaƙwalwa sun tabbatar da cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wanda ke auna abin da zai je ya dawo kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ashe ke nan kuskure a wurin ɗan shekara 16 ba baƙon abu ba ne, kuma ba lalle ne ya zama alamar lalacewa ba. Abin da ya rage wa iyaye shi ne su zaɓi inda za a yi kuskuren: ko a gida inda asararsa ba ta wuce jaka biyu ko uku ba, ko kuwa a uwa duniya inda ake biya da rai.

Kakanninmu sun riga mu gano wannan. A tsarin gandu, maigida kan yanka wa ɗansa matashi gayauna, wadda a wasu wuraren ake kira gamana, ya ware masa ranakun da zai je ya noma ta shi kaɗai. Abin da ya shuka ruwansa, abin da ya girba nasa ne, idan ya yi lalaci ciyawa ta cinye, kowa zai gani a kaka ba sai an yi masa gori ba. A yau gonaki sun tsuke saboda yawan jama'a da rabon gado, gidaje da yawa ba su da abin yanka wa yaro. Amma ana iya samar masa wata gayaunar: a ba shi tunkiya ya yi kiwo ya kai kasuwa da kansa, ko a bar masa awon gidan na mako guda, ko a damƙa masa teburin shago ranar kasuwa, da yamma a zauna a yi lissafi. Idan ya faɗi, a bar shi ya ɗanɗani faɗuwar.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa muna kiran a sakar wa yara mara su yi fitsari ne. Kocin da ke gefen fili ba ɗan kallo ba ne. Shi ya horar da su tsawon mako, shi ke cewa wane ya shiga wane ya fito, kuma doka ta ce duk ɗan wasan da ya yi laifi biyar ya fita ke nan, ko da kuwa shi ne tauraron ƙungiya. Abin lura shi ne, kowane yaro ya san wannan doka tun kafin a fara, kuma ba ta sauyawa don ran alƙali ya ɓaci. Haka ya kamata gida ya kasance. Lokacin dawowa da dare, da maganar salla, da karatu, da shaye-shaye, a faɗe su ƙarara tare da hukuncinsu tun kafin a karya. Gidan da laifi ɗaya yau dariya gobe bulala, gwargwadon yadda maigida ya wayi gari, ba tarbiyya yake koyarwa ba, karatun fuska kawai yake koya wa yara.

Minti ɗaya tak

A dokar wasan ta duniya, koci yana da damar neman a tsayar da wasa sau biyar ne kacal, sau biyu kafin hutun rabin lokaci, sau uku bayansa, kuma kowace tsayawa minti ɗaya ce. Yara za su zo suna haki, gumi na zuba, hankalinsu rabi yana kan allon maki. Idan ka ɓata daƙiƙa 60 ɗin nan wajen zagi da tonon silili, za su koma fili ba su ƙaru da komai ba sai sanyin gwiwa. Dole ka zaɓi abu ɗaya ko biyu: wane, ka tare lamba bakwai ta hagunsa, wane, ka daina jifa daga nesa, ka miƙa ciki.

Akwai wani shahararren koci a Amurka mai suna John Wooden, wanda ya ci kofin jami'o'in ƙasar sau 10 tsakanin 1964 da 1975 da ƙungiyar jami'ar UCLA, kuma a hannunsa Kareem Abdul-Jabbar ya taso. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, sun zauna a gefen filinsa a kakar wasanninsa ta ƙarshe suna rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa, suka wallafa sakamakon a 1976. Daga cikin abubuwa 2,326 da suka ƙirga, yabo bai kai kashi 7 cikin 100 ba, faɗa ma bai kai kashi 7 ba. Mafi yawan maganarsa bayani ne tsagwaronsa na abin da za a yi da yadda za a yi shi, kuma da wuya ya yi maganar da ta wuce daƙiƙa 20. Wannan mutum, darasin farko da yake koya wa sababbin 'yan wasansa shi ne yadda ake sa safa da ɗaure takalmi, don kada ƙafa ta yi bororo.

Yanzu mai karatu ya kwatanta wannan da irin faɗan da ake yi a gidajenmu. A fara tun bayan magariba har a kira isha ba a sauka ba, a tono laifin bara da na bariya, a kawo misalin ɗan maƙwabci, a rufe da cewa kai dai ba za ka taɓa yin abin kirki ba. Idan aka tambayi yaron me aka ce ya gyara, ba zai iya faɗa ba. Abin da ya fahimta kawai shi ne Baba ya yi fushi. Alhali nasihar Luƙman ga ɗansa, wadda Alƙur'ani mai girma ya kawo, ba ta wuce 'yan ayoyi ba, kuma kowace gaɓa a cikinta abu ne takamaimai da za a yi ko a bari.

Mun kuma lura cewa gyara yana da lokaci da muhalli. Yaron da aka ci su yanzun nan, kunnensa a toshe yake, sai gobe idan zuciya ta huce. Wanda kuma aka tsinka a gaban abokansa, ba laifinsa zai tuna ba, wulaƙancin zai riƙe. Bugu da ƙari, akwai maganar da ba ta shiga daga bakin uba. Al'adarmu ta san haka, shi ya sa ɗan fari da iyaye ke yi wa alkunya akan bar wa kawu ko gwaggo ko kaka su ja masa kunne. Sau da yawa uba kan zo mana da mamaki, wai abin da ya shekara yana faɗa ba a ji ba, koci ya faɗa sau ɗaya an ɗauka. Wannan ba abin kishi ba ne. Ɗa na kowa ne, kuma uba mai wayo shi ne wanda ya san amintattun manyan da ɗansa ke jin maganarsu, ya kuma riƙe su da kyau.

Jan biro a gefen takarda

Rubutu ma haka yake. Marubuci zai kwana yana gyara, amma da takarda ta bar hannunsa shi ke nan, ba zai bi ta gida-gida yana cewa ga abin da nake nufi ba. Idan jimla ba ta tsaya da ƙafarta ba, ta faɗi. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san cewa wahalar tana wajen sharewa da sakewa, kamar yadda yaro zai tsaya a layi ya yi jifa ɗari a rana kafin hannunsa ya faɗa.

Tarihin adabin Hausa ya ba mu kyakkyawan misali. A shekarar 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta fito da littattafai irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22 ne a lokacin, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1936 East ya sa aka kawo shi Zariya ya yi wata shida, inda ya rubuta Magana Jari Ce, East yana dubawa yana nuna masa wuraren gyara. Da Baturen nan ya karɓe alƙalamin ya rubuta da kansa, da ba a samu Imam ɗin da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ba. Edita nagari jan biro yake sa wa a gefen takarda ya mayar wa mai ita. Uba ma jan biro ne nasa, takardar kuwa ta ɗansa ce.

Akwai wata dabara da muka jarraba muka ga amfaninta. Bayan kowane wasa mukan ce kowane yaro ya rubuta layi uku a littafinsa, da Hausa ko da Faransanci, da boko ko da ajami: abin da ya yi daidai, abin da ya kuskure, da abin da zai gwada gobe. Yaron da idan ka faɗa masa cewa yana da rowar ƙwallo zai murtuke fuska, sai ga shi ya rubuta da hannunsa cewa ya ƙi miƙa wa wane alhali yana tsaye shi kaɗai. Abin da mutum ya rubuta da kansa ba ya musunsa. A ƙasar da manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, layi ukun nan ba abin rainawa ba ne, balle ma da yake a shekarar 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matashin da ya iya rubuta tunaninsa, ko cirani ya tafi zai iya rubuta bashin da ya bayar da wanda ya karɓa, ya kuma karanta takarda kafin ya dangwala mata hannu.

Ba kowa ne zai zama tauraro ba

Tambayar da iyaye suka fi yi mana ita ce: to, wannan wasan me zai ba shi? Gaskiyar magana ita ce, a cikin yara ɗari da wuya a samu ɗaya da zai ci abinci da ƙwallo, kuma duk kocin da ya yi wa iyaye alƙawarin Turai yaudararsu yake yi. Sai dai a duba labarin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana ɗan shekara 13 a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri bai taɓa buga wasa a gasar NBA ta Amurka ba. Ya fara ne da aikin farauto 'yan wasa ba tare da albashi ba, har ya zama manajan ƙungiyar Denver Nuggets a 2010, aka zaɓe shi gwarzon manajojin gasar a 2013, sannan ya jagoranci Toronto Raptors ta ɗauki kofi a 2019. Tun a 2003 ya kafa shirin Giants of Africa da ke horar da yara a ƙasashen Afirka. Abin da ya ɗauka daga filin Zariya ya wuce jifa: zuwa a kan lokaci, da jure shan kaye, da sanin wanda za a miƙa wa.

A gida Nijar ma akwai abin dubawa. Abdoulrazak Issoufou Alfaga, tun yana ƙarami mahaifinsa ya hana shi wasan taikwando bayan rasuwar wani ɗan uwansa da ke yin wasan, kuma babu mai ganin laifin uban da ya ji wa ɗansa tsoro. Amma daga baya, a zamansa na ƙasar Togo, yaron ya koma wa abinsa. A 2016 ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a gasar Olamfik ta Rio, karo na farko tun tagullar da Issaka Dabore ya samo a damben zamani a Munich a 1972, sannan a 2017 ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu. Darasin a nan shi ne, hani shi kaɗai ba ya kashe abin da ke zuciyar matashi, sai dai ya sa a koma yi a ɓoye. Gara uba ya san filin, ya san kocin, ya san lokacin tashi.

'Yan mata fa?

Duk abin da muka faɗa ya fi tsanani a kan 'ya mace. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su ne kafin su cika 18, kuma Jihar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi yawa. Wato yarinya kan tashi daga gaban uwarta ta faɗa babban fili, gidan miji da dangin miji da goyo, tun ba a taɓa ba ta damar yanke ko da ƙaramar shawara ba. Uwayen da ke saƙar tabarma a bakin Gulbin Kaba sun fi kowa sanin cewa kaba sai an jiƙa ta an bi ta a hankali take lanƙwasuwa, idan aka yi mata gaggawa karyewa take yi.

Masu cewa sutura ce ke hana 'ya'yansu mata wasa, ya kamata su san cewa tun a shekarar 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta amince mata su yi wasa da lulluɓi a kansu. A maƙwabciya Najeriya kuwa, ƙungiyar mata ta D'Tigress ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a gasar Olamfik ta Paris a 2024 ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza da mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, a ƙarƙashin koci mace, Rena Wakama. Abin da ake buƙata a garuruwanmu shi ne fili mai katanga, da malama mace, da lokacin da za a tashi kafin magariba.

Abin da ya rage mana

Rabin filin ƙwallon kwando bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko attajiri ɗaya ba: daɓen siminti ne, da turken ƙarfe, da allo, da zoben da kowane mai walda a Tasawa ko Mayahi zai iya lanƙwasawa. Don haka muna kira ga magadan gari da sarakunan gargajiya da 'yan kasuwa da 'yan asalin yankin mazauna Yamai da Kano da su dubi wannan fanni, su kuma tuna da malaman motsa jiki da masu horarwa na sa-kai, waɗanda sau da yawa daga aljihunsu suke sayen ƙwallo. Inda babu halin siminti, fagen kokawa da na langa da filin ƙwallon ƙafa duk suna iya yin wannan aiki, muddin akwai babba mai amana a gefe.

Su kuma iyaye, roƙonmu gare su bai da yawa. Ku zo kallo wata rana. Ku samu wuri a bayan layi ku zauna, kada ku yi wa alƙali ihu, kada ku kira sunan yaron kuna ba shi umarni a kan na kocinsa. Idan an tashi, ko an ci ko an sha kashi, ku tambaye shi yadda ya ga wasan, ku bari ya gama magana kafin ku sa baki. Za ku ji abin da ba ku taɓa ji daga bakinsa ba a cikin gida. Shekarun da yaro zai yi a gabanku kafin duniya ta kira shi ba su da yawa, kuma ba a san ranar da zai ɗauki jaka ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare waɗanda ke kan hanya, Ya dawo mana da su lafiya, amin.